Waya Za Ta Iya Gano Cutar Huhu Ta COPD? Tambayoyin Da Masu Bincike Ba Su Amsa Ba Tukuna

Duk wanda ya shiga Play Store ya nemi manhajar gwajin huhu zai same su birjik. Wata za ta ce a riƙe numfashi tana ƙirga daƙiƙu, wata ta ce a hura iska a makirfon waya, wata kuma ta ce a ɗora yatsa a kan kyamara ta faɗi yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Bayan daƙiƙa goma sai allo ya yi kore, ya ce huhu lafiya lau. Ga saurayi ɗan shekara 22 wannan wasa ne kawai. Amma idan ya miƙa wayar ga mahaifiyarsa, wadda ta yi shekara talatin tana girki da itace, yanzu kuma ba ta iya share tsakar gida sai ta tsaya ta huta sau biyu, wannan koren allo yana iya zama dalilin da za ta fasa zuwa asibiti.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ke kawo irin wannan hakin ita ce wadda likitoci ke kira COPD, wato cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa. Darasin yau zai duba yadda ake gano ta, da inda ilimin masana ya tsaya a kanta, domin sai an san wannan za a iya auna abin da waya ko agogon hannu za su iya yi da abin da ba za su iya ba.

Mece ce COPD?

Iskar da mutum ya shaƙa tana bin maƙogwaro, ta rabu biyu, sannan ta yi ta rarrabuwa kamar rassan bishiya har ta isa wasu ƙananan bututu da faɗinsu bai kai milimita 2 ba. A ƙarshensu akwai 'yan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi, inda oksijin ke shiga jini. A COPD ƙananan bututun nan suna kumbura, su ƙuntace, su cika da majina, wasu su ɓace gaba ɗaya. Jakunkunan kuma suna yagewa su rasa taushin da ke sa su matso iska waje. Shi ya sa babbar wahalar mai cutar fitar da iska ce. Tsohuwar iska tana maƙalewa a ciki, sabuwa ta rasa wurin shiga. Alamominta su ne haki idan an motsa, tari mai daɗewa, kaki, da shessheƙar ƙirji. Tana kama da asma, kuma ana yawan rikita su, sai dai toshewar asma takan saki idan an sha magani, ta COPD kuwa ba ta saki gaba ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, wanda ya sa ta zama ta huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kashe kafin su kai shekara 70 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ne. A ƙasashe masu arziki taba sigari ce ke jawo sama da kashi 70 cikin 100 na cutar. A ƙasashe masu tasowa kuwa kason taba bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin kusan duk tambayoyin da ke gaba daga gare shi suke fitowa.

A 2015 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka da takwararta ta Turai suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa wadda tambayoyin bincike ne zalla a kan COPD. A 2022 kuma wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ce yadda ake fahimtar cutar ya tsufa, ya ba da shawarar a raba ta gida biyar bisa tushenta: ta gado, ta abin da ya sami huhu tun yarinta, ta cututtuka masu yaɗuwa, ta taba, da ta gurɓatar iska.

Lamba ɗaya da ke yanke hukunci

Na'urar da ake gano COPD da ita sunanta sipiromita, kuma tsohuwa ce, tun 1846 wani likita ɗan Ingila, John Hutchinson, ya gabatar da ita. Mutum zai cika huhunsa taf, ya kama bututu da leɓe, ya fesar da iskar da dukkan ƙarfinsa har sai ta ƙare. Na'urar tana fitar da lambobi biyu masu muhimmanci. FEV1 ita ce iskar da ta fita a daƙiƙa ta farko. FVC ita ce jimillar iskar da ta fita. Sai a raba ta farko da ta biyu. Idan mutum ya fitar da lita 4 gaba ɗaya, kuma lita 3.2 daga ciki ta fita a daƙiƙar farko, sakamakonsa 0.8 ne. Idan ya fitar da lita 3 amma 1.8 kaɗai ta fita a daƙiƙar farko, sakamakonsa 0.6. Ƙa'idar GOLD, kwamitin duniya da ke fitar da jagorar cutar tun 2001, ita ce: idan bayan an shaƙi maganin buɗe hanyoyin iska lambar tana ƙasa da 0.7, to akwai toshewa.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja zai gane wannan nan take. Sharaɗi ne guda ɗaya tal: in ƙasa da 0.7 ne, e. In ba haka ba, a'a. Kuma zai san irin kuskuren da sharaɗi mai tsayayyar lamba ke haifarwa. Wannan kaso yana raguwa da kansa yayin da mutum ke tsufa. Dattijo ɗan shekara 75 mai ƙoshin lafiya yana iya samun 0.68, a ce masa yana da cuta. Mace 'yar shekara 35 da ya kamata ta sami sama da 0.8 tana iya samun 0.72, huhunta ya riga ya fara lalacewa, amma a sallame ta. Saboda haka wasu masana suka fi son a kwatanta kowane mutum da sa'o'insa masu shekaru da tsayi da jinsi irin nasa. An shafe shekaru ana wannan muhawara, ba a rufe ta ba.

Akwai abin da ya fi wannan damuwa. Masu bincike a Vancouver ta ƙasar Kanada sun duba sassan huhun da aka cire wa mutane a tiyata, ta amfani da na'urar ɗaukar hoto mai ganin abubuwa ƙanana ƙwarai. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna cewa ko a matakin da ake kira mai sauƙi, kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙananan bututun ƙarshe sun riga sun salwanta. Ma'ana, lokacin da sipiromita ta fara ƙorafi, ɓarna ta yi nisa. To wane ma'auni ne zai kama cutar kafin nan? Hoton CT? Gwajin jini? Sautin numfashi? Wannan ita ce tambaya ta farko, kuma har yanzu babu wanda ya kawo amsar da aka yarda da ita.

Sannan ga mutanen da ke tari da haki amma lambarsu tana sama da 0.7. A wani gwaji da aka buga a 2022 a Amurka, an ba irin waɗannan mutane, dukkansu masu tarihin shan taba, magungunan shaƙa na COPD. Ba su fi waɗanda aka ba maganin bogi samun sauƙi ba. Suna da ciwo, amma likita bai san sunan da zai ba shi ba, balle maganinsa.

Ko lambobin da ake kwatanta mutum da su akwai magana. Shekaru da yawa na'urorin suna rage abin da ake tsammani daga huhun baƙar fata, bisa bayanan da akasari aka tattara daga baƙaƙen Amurka. A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina saka launin fata a lissafin. Amma menene lafiyayyen huhu ga ɗan Katsina ko ɗan Maraɗi? Ƙaramin huhu halitta ce, ko kuwa tabon yunwa da hayaƙi da ciwon haƙarƙari na yarinta ne? Ba a iya raba waɗannan biyun sai an auna dubban mutane a yankin, an kuma bi su tsawon shekaru.

Batirin da bai taɓa kai 100 ba

A 1977 Charles Fletcher da Richard Peto suka buga sakamakon bin diddigin maza ma'aikata kimanin 800 a Landan na tsawon shekara 8. Daga nan aka sami hoton da ɗaliban likitanci suka yi ta haddacewa: huhun kowa yana raguwa da shekaru, na wasu mashaya taba yana raguwa da sauri, wanda ya daina shan taba kuma saurin raguwarsa yana lafawa. Wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ne.

Masu amfani da iPhone sun san wurin da ake duba lafiyar batir. Waya biyu suna iya nuna kashi 70, amma tarihinsu daban. Ɗaya an saye ta sabuwa da 100, aka yi ta azabtar da ita da cajar banza har ta zube cikin shekara biyu. Ɗayar kuma a Farm Centre aka saye ta hannu na biyu tana 82, aka lallaɓa ta, amma da yake daga ƙasa ta fara, raguwa ta yau da kullum ta ishe ta ta kai 70. A 2015 wani bincike da ya haɗa bayanan mutane daga Amurka da Denmark, waɗanda aka bi sama da shekara 20, ya nuna haka huhu yake. Kusan rabin waɗanda suka kamu da COPD ba su yi saurin raguwa ba ko kaɗan. Tun suna matasa ne huhunsu bai kai cikar girmansa ba.

Huhu yana gama girma ne tsakanin shekara 20 zuwa 25, wato shekarun mafi yawan masu karanta wannan shafi. Haihuwar bakwaini, rashin abinci mai gina jiki, ciwon haƙarƙari a yarinta, asma da ba a kula da ita ba, da hayaƙin da uwa ta shaƙa tana da ciki, duk an danganta su da huhun da ya tsaya a ƙasa. A Kintampo ta ƙasar Ghana, masu bincike sun ɗaura wa mata masu ciki na'urar auna hayaƙi, sannan suka gwada numfashin jariransu wata ɗaya bayan haihuwa, suka ga alaƙa tsakanin yawan hayaƙin da uwa ta shaƙa da raunin numfashin jariri. A gundumar Masindi ta Yuganda kuma, binciken da aka buga a 2015 ya sami COPD a kashi 16 cikin 100 na mutanen karkara da suka haura shekara 30, kuma kusan huɗu cikin goma na masu cutar ba su kai shekara 40 ba. A littattafan Turai, cutar dattawa ce.

Abin da ba a sani ba shi ne ko yaron da huhunsa ya fara a baya yana iya kamo sa'o'insa idan aka taimaka masa da wuri, da kuma irin taimakon. Haka nan shisha da sigarin lantarki. An san hayaƙin shisha yana ɗauke da gubobi irin na taba, ga kuma na gawayin da ake ɗorawa a kai, kuma ruwan da ke cikin tulun ba ya tace su. Sigarin lantarki kuwa bai daɗe a kasuwa ba har a ga abin da zai yi wa huhu bayan shekara 30. Matasan da ke zuƙarsa yau su ne bayanan da masu bincike za su karanta nan gaba.

Hayaƙin murhu: lissafin da ya ƙi fita

Kimanin mutum biliyan 2 a duniya suna girki da itace, gawayi, kara, kashin shanu ko kananzir. Bincike da dama sun danganta wannan hayaƙi da COPD, musamman ga mata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shi cikin manyan musabbabai. Duk wanda ya taɓa shiga madafar da bangonta ya yi baƙi ƙirin ba zai yi mamaki ba.

Sai dai ga inda abin ya rikice. Akwai wani babban binciken ƙasa da ƙasa mai suna BOLD, wanda ya auna mutane da sipiromita a wurare da dama, ciki har da Ile-Ife a Najeriya, Khartoum da Gezira a Sudan, da Limbe a Kamaru. A Ile-Ife an sami toshewa a kusan kashi 8 cikin 100 na manya, amma ba a ga alaƙarta da girki da itace ba. Abin da ya fito fili shi ne tarihin tarin fuka da ƙarancin karatu. Da aka haɗa bayanan wurare 25 a 2018, nan ma ba a ga alaƙar ba. Gwaje-gwajen sauya murhu su ma ba su ba da abin da aka sa rai ba. A Malawi an raba murhu mai ƙarancin hayaƙi a ƙauyuka, aka bi yara sama da 10,000, ciwon haƙarƙari bai ragu ba. A gwajin HAPIN an ba mata masu ciki a Guatemala, Indiya, Peru da Ruwanda murhun gas da gas ɗin kyauta, cikin mata 3,200 da aka raba gida biyu. Hayaƙin da suke shaƙa ya ragu sosai, amma nauyin jarirai a haihuwa da yawan ciwon haƙarƙari mai tsanani ba su bambanta ba.

Wannan ba ya nufin hayaƙi ba shi da illa, kuma kuskure ne babba wani ya karanta shi haka. Mafi kusa da hankali shi ne matsalar tana wajen awo. Tambayar “kina girki da itace?” amsarta e ko a'a ce, alhali macen da ke girki a fili da wadda ke girki a rufaffen ɗaki duk e za su ce. A garin da kusan kowa ya tashi cikin hayaƙi, babu wanda za a kwatanta da shi. Wadda aka ba gas kuma tana ci gaba da shaƙar hayaƙin maƙwabta, da na shara da ake ƙonawa, da na janareta. Sannan COPD shekaru take ɗauka tana ginuwa, gwajin shekara biyu ba zai gan ta ba. A nan ne ƙananan na'urorin auna ƙura da ake ratayawa a jiki suke da amfani na gaske, domin suna mayar da e ko a'a zuwa lamba ta kowace sa'a. Masu araha daga cikinsu suna ɗan kauce wa daidai idan zafi ko laima ko ƙura ta yi yawa, don haka sai an daidaita su da babbar na'ura a wurin da za a yi aiki da su.

Lambar Ile-Ife kuma ba za a ɗauko ta a ɗora wa Kano ko Damagaram ba. Yankin Sahel yana da nasa abin: ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce ƙurar nan mai laushi da ake kira PM2.5 kada ta wuce maikirogiram 15 a kowace kyubik mita ta iska a matsakaicin yini. A ranar hazo mai kauri ana ninka wannan sau da yawa. An san hazo yana tayar da tari da asma. Abin da shekara 40 na hunturu ke yi wa ƙananan bututun huhu kuwa tambaya ce a buɗe.

Tarin fuka ma haka. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu kamuwa da shi. Mutum yana iya shan maganinsa na wata 6, a ce ya warke, ƙwayar cutar ta mutu, amma tabo ya rage a huhu, ya ci gaba da haki har ƙarshen rayuwa. Sai a 2019 aka yi taron duniya na farko a kan wannan matsala, a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu. Ko toshewar da tarin fuka ya bari iri ɗaya ce da ta taba, ko magani ɗaya ke yi musu, ba a tantance ba.

To ina waya ta shigo?

Tunanin mayar da waya sipiromita ba shirme ba ne. A 2012 masu bincike a Jami'ar Washington da ke Seattle suka gabatar da SpiroSmart. Mutum zai riƙe iPhone a nisan hannu ya fesar da iska, manhajar ta yi amfani da sautin ta ƙiyasta gudun iskar. A gwajin mutum 52 kuskurenta ya tsaya a kusan kashi 5 cikin 100 idan aka kwatanta da na'urar asibiti. A 2016 suka fito da SpiroCall, wadda ke aiki ta kiran waya, ko da ƙaramar waya mai maɓalli ce.

Me ya hana ta maye gurbin na'urar asibiti bayan shekara goma da ɗoriya? Mai rubuta manhajar Android zai iya hasashen wani ɓangare. Makirfon Tecno daban, na Samsung daban, na Infinix daban, har samfuri biyu na kamfani ɗaya ba lallai su yi daidai ba. Wayoyi suna rage hayaniya suna kuma daidaita ƙarar sauti da kansu, kuma hucin iska shi ne ainihin abin da aka koya musu su goge. Ga kukan janareta da fanka da yara. Ɗaya ɓangaren kuma na ɗan Adam ne: gwajin ya dogara da ƙoƙarin mai hurawa. A asibiti ma'aikaci yana tsaye yana ƙarfafa mutum ya ci gaba da hurawa, ana maimaitawa aƙalla sau uku, ana watsar da wanda bai yi kyau ba. Wanda ya tsaya da wuri zai sami FVC ƙarama, kason ya hau sama, toshewar ta ɓuya. Kuskuren kashi 5 ma ba ƙarami ba ne ga wanda lambarsa ta gaskiya take 0.68.

Yanzu hankali ya koma kan ƙirƙirarriyar basira mai sauraron tari. A 2024 Google ya sanar da HeAR, wanda aka horar da gutsattsarin sauti miliyan 300, kusan miliyan 100 daga ciki tari ne. Amma akwai darasi daga zamanin korona. A Birtaniya an tattara sautin mutum sama da 67,000 tare da sakamakon gwajinsu na korona. Da farko manhajar ta yi kamar tana gane masu cutar sosai. Da aka daidaita rukunan ta yadda shekaru da jinsi da alamomin ciwo suka zama iri ɗaya, ƙwarewar ta zube, har ba ta fi 'yan tambayoyi a kan alamomi ba. Ashe ba cutar take ji ba, wasu abubuwan da ke tafiya tare da ita take kamawa. Manhajar COPD da aka horar da tarin dattawan Turai mashaya taba tana iya faɗawa wannan rami idan aka sa mata tarin matar da ba ta taɓa riƙe sigari ba.

Sai na'urar da ake maƙalawa a yatsa, oksimita, wadda ta yaɗu a gidaje lokacin korona. Tana haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ta cikin yatsa, ta auna yadda jini ya shanye kowanne. A Disamban 2020 likitoci a Jami'ar Michigan suka kwatanta lambarta da gwajin jini kai tsaye. Cikin marasa lafiyan da na'urar ta nuna tsakanin 92 da 96, kusan kashi 12 cikin 100 na baƙaƙen fata a gaskiya suna ƙasa da 88, yayin da a fararen fata bai kai kashi 4 ba. Wato takan yi wa baƙar fata kyakkyawan zato a lokacin da yake cikin haɗari. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2021, a Janairun 2025 kuma ta fitar da daftarin ƙa'idar da ke neman a gwada na'urorin a kan launukan fata daban-daban. Agogunan hannu masu auna oksijin, kamfanoninsu da kansu suna rubuta cewa ba don gano cuta aka yi su ba. Manhajar yatsa a kan kyamara ta fi su rauni, domin fitilar waya ba ta ba da hasken nan na biyu. Kuma ko da na'urar ta faɗi gaskiya, mutane da yawa masu COPD oksijin ɗinsu daidai yake idan suna zaune. Ganin 97 ba ya wanke huhu.

Akwai kuma burin a hango tasowar ciwon kafin ta zo. Mai COPD yakan sami kwanakin da haki da kaki ke ƙaruwa farat ɗaya, kuma waɗannan ne ke kai shi gadon asibiti. A Scotland an gwada sa ido daga nesa a kan marasa lafiya 256: kullum su shigar da alamominsu da lambar oksijin, ma'aikata na dubawa. Sakamakon 2013 ya nuna bai jinkirta kwanciya asibiti ba, sai dai ya ƙara wa ma'aikata kiran waya. Wani ɓangare na matsalar shi ne ita kanta tasowar ciwon ba ta da gwajin jini da ke tabbatar da ita, kamar yadda ake da shi ga bugun zuciya. Ana gane ta ne daga abin da mara lafiya ya faɗa da maganin da likita ya ƙara. Manhaja ba ta iya koyon hasashen abin da ba a fayyace shi ba.

Magani, da waɗanda aka gwada shi a kansu

Babu maganin da ke mayar da jakunkunan iska da suka yage. Abin da ake da shi yana rage wahala da yawan tasowar ciwo: magungunan shaƙa, allurar rigakafi, motsa jiki na musamman ƙarƙashin kulawa, oksijin ga waɗanda nasu ya yi ƙasa sosai, da barin taba, wanda shi ne ya fi komai rage saurin lalacewa ga mai shan ta. An ɗan sami ci gaba kwanan nan. A Satumban 2024 Amurka ta amince da allurar dupilumab ga masu COPD da wani nau'in farin ƙwayar jini, iyosinofil, ya yi yawa a jikinsu, bayan gwaje-gwaje biyu sun nuna ta rage tasowar ciwo da kusan kashi 30 cikin 100. Rukuni ne ƙarami na marasa lafiya, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai a Afirka, inda ko maganin shaƙa na yau da kullum ba koyaushe ake samunsa a kantin magani ba.

Babban giɓin yana cikin sharuɗɗan shiga gwaje-gwajen. Kusan dukkan manyan gwaje-gwajen magungunan COPD sun ɗauki 'yan shekara 40 zuwa sama ne masu tarihin shan taba mai yawa, kwatankwacin kwali ɗaya kullum na shekara 10. Matar da ke girki da itace, da saurayin da ya warke daga tarin fuka, ba su cika sharaɗi ba. Ana ba su magungunan ne bisa kyautata zaton za su yi musu aiki.

Ko batun a bi gida-gida ana neman masu cutar bai samu matsaya ɗaya ba. Kwamitin rigakafi na Amurka ya sake cewa a 2022 kada a yi wa manya marasa alamomi gwajin, don ba a nuna yana amfani ba. Amma a wani bincike da aka buga a shekarar, wanda ya auna mutum sama da 10,000 a Nepal, Peru da Yuganda, sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da COPD ba a taɓa gaya musu suna da ita ba. Binciken ya nuna 'yan tambayoyi kaɗan, wani lokaci tare da ƙaramin bututun roba mai auna ƙarfin huci, suna iya ware waɗanda ya kamata a tura gwajin sipiromita. Irin wannan aikin ne waya ta fi dacewa da shi a yau: tambayoyin da aka riga aka gwada, cikin Hausa, da murya ga wanda ba ya karatu, masu aiki ba tare da intanet ba, a hannun ma'aikacin lafiya na unguwa. Ko fassarar ma aiki ce, domin sai an gwada an ga abin da mutane ke nufi da haki, da sarƙewar numfashi, da nauyin ƙirji, kafin a ce amsarsu ta yi daidai da ta ainihin tambayar.

Kafin mai karatu ya amince da kowace manhajar huhu, ya duba bayaninta ko ta faɗi mutum nawa aka gwada ta a kansu, a wace ƙasa, da wace na'urar asibiti aka kwatanta ta, da kuma a kan waɗanne wayoyi. Mafi yawansu ba su faɗi ko ɗaya ba, sai wani ɗan rubutu a ƙasa cewa don nishaɗi ne. Ita kuwa mahaifiyar da ke tsayawa tana haki a tsakar gida, asibiti za a kai ta. Tarin da ya wuce mako biyu ana fara yi masa gwajin tarin fuka ne, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da cutar a Najeriya. Idan ba shi ba ne kuma hakin bai tafi ba, sai a nemi a tura ta sashen cututtukan ƙirji, a tambayi gwajin sipiromita da sunansa, domin an fi samun na'urar a asibitocin koyarwa da manyan asibitoci. A gaya wa likita shekara nawa ta yi tana girki, da wane makamashi, a fili ko a ɗaki, da kuma ko ta taɓa shan maganin tarin fuka.